Inna Ta Ce Sai Na Amsa Masa

Daga Allah muke, kuma can za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Uwar mijina ta rasu da saukar ruwan farko na bana, bayan Babbar Salla, aka yi mata sutura aka kai ta maƙabartar Tafo. A gida Inna muke ce mata, kuma da haka zan kira ta a nan, don ba bakina ne zai faɗi sunanta ba, tana raye ko tana kwance.

Da a ce bara war haka ta rasu, da sai an toshe layinmu na Akwatialine, a nan Kumasi, da bencina. Amma bana zango, unguwarmu ta baƙi, ya koma rabi, waɗanda suka sha kokonta tun suna goye yawancinsu suna ƙetaren iyaka. Waɗanda suka rage dai sun zo. Wata tsohuwa daga Moshi Zango, ƙawarta tun ƙuruciya, ta shigo tana dogara sanda, ta zauna a bakin ƙofa ta ce yanzu kuma wa zai cika mata kunne. Wata 'yar ƙabilar Asante mai gasa ayaba a bakin titi ta ɗaura baƙin zane ta zo, ta yi kukanta irin nasu da ƙarfi, har sai da aka lallashe ta. Wani direban trotro, motar haya ke nan, ƙato da shi, ya aiko daga waje a gaya mini cewa a gaban tukunyar Inna ya koyi cewa "a ƙara sukari", tun bai iya ɗaura wando ba. Kowa ya buɗe baki surutunta yake tunawa. Ana addu'a ana share hawaye, can sai wata ta tuno yadda take yi wa tukunya faɗa in ta ƙi tafasa, dariya ta kuɓuce wa mutane a zaman makoki.

Ni ma an tuna da ni, amma ta wata fuskar. Ranar sadakar arba'in ina naɗe tabarmi na ji wasu mata biyu suna cewa, Allah ya jiƙan tsohuwa, mutuniyar kirki ce, sai dai ta tafi ta bar matar ɗanta ba kunya a ido. Na ci gaba da aikina, don ba ranar tankawa ba ce. Amma na ƙudura sai na faɗi yadda abin ya kasance, saboda in na bari, nan gaba abin da zai rage na Inna shi ne "mai surutu" da "ta lalata matar ɗanta", kuma wallahi ba ta cancanci haka ba. Maganar duk a kan ɗana na fari ce, wanda bakinsa ya rufe bayan ya fara buɗewa, har aka kusa raba ni da shi.

Inna koko take sayarwa da ƙosai, kusa da inda motocin Tafo suke tsayawa. Tun da aka kawo ni gidan nake taya ta: ni ke jiƙa gero, in kai inji, in tace, ita ta dama ta zauna gaban tukunya. In mace ta zo sayen koko da goyo, ba uwar Inna take fara gaisarwa ba. Sai ta leƙa bayanta ta ce wa jinjiri ina kwana, ta tambaye shi gajiyar tafiya, sannan ta yi shiru tana jira. Layi ya yi tsawo, leburori suna buga kwano suna cewa za su makara, ita ko ludayi na sama, idonta na kan ɗan mutum. In ya yi ɗan gurnani, ko ya turo leɓe, ko ya harba ƙafa, sai ta ce, "Ashe? To sai kuma aka yi yaya?" Ta sake jira. Ɗan Asante ta yi masa harshensu na Tuwi, namu kuwa Hausar Ƙonni zalla, wadda ta taho da ita tana amarya. In uwa ta yi saurin cewa "ya ce lafiya lau", sai Inna ta harare ta ta ce ba da ita take ba. Na sha raɗa mata cewa koko yana hucewa. Takan ce koko a mayar da shi wuta, yaro kuwa in ya yi ta magana ba a amsa, wata rana zai daina.

Da na haifi ɗana aka sa masa sunan marigayi mijinta. Ka ga ke nan mu biyu ba mai iya faɗin sunan. Ita ta samu mafita, ta riƙa ce masa Angona, tana yi masa tsiya cewa ya bar ta ba zanen salla. Ni kuwa na yi abin da aka tarbiyyantar da ni a kai. Na ba shi nono, na yi masa wanka, na goya shi, amma ban yi masa wasa ba, ban yi masa hira ba, in ya dube ni na kau da kai. In dole ta kama in ambace shi sai in ce "yaron nan". Kada wani ya ce mini wannan rashin so ne. Ni ma 'yar fari ce, uwata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta bar duniya, amma na san wa take ɓoye wa ƙanzo a ƙarƙashin kwano. Kunyar ɗan fari ado ce a wurinmu, da ita ake gane 'yar gidan mutunci, kuma har yau ban ce masu yin ta sun yi kuskure ba.

Lokacin kuma ba abin da yaron ya rasa. Gidanmu babba ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, ga yayyen mijina da matansu, ga Zabarmawa masu sayar da yadi, yara ko ba a magana. Daga hannun wannan ya faɗa hannun wancan. 'Yan mata su goya shi su tafi famfo, su dawo sun koya masa zagi da Tuwi. Da aka yaye shi ya koma ɗakin Inna, bakinsa ya fara buɗewa: koko, mota, zo, Kaka. Ina jinsa daga madafa, in ji daɗi, in ɓoye fuskata a hayaƙi.

Sai ga umarnin gwamnati cikin azumin bara, cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Ba sai na ba da labarin wannan ba, kowa a zango yana da nasa. Aka yi ta zube gadaje da kekunan ɗinki a bakin titi, manyan motoci suna lodin mutane da bakin azumi. Mijina da yayyensa a Kumasi aka haife su, amma ba wanda ya taɓa tunanin ajiye shaida, kuma an fara kama maza a kasuwa. Suka yanke shawara su kwashe iyali su tafi Ƙonni, garin da ba su taɓa gani ba. Inna ta ce ƙafarta ba za ta hau mota ba, mijinta yana kwance a Tafo, ita ma can za ta. Aka yi juyin duniya ta ƙi. Ni ina da shaidar haihuwa, sai aka ce in zauna da ita da yaron har mijina ya samo takarda ya dawo. Kafin Ƙaramar Salla gidan nan ya koma mu uku.

Yaron ya ga lodin da idonsa. Ya ga ubansa a saman kaya, ya ga yaran da suke goya shi ana miƙa su ta bayan mota. Bai yi kukan kirki ba a ranar. Washegari ya bi ɗakuna yana tura ƙofofi, ya leƙa, ya fito. Daga nan kalmomin suka fara zubewa. Mota ce ta fara tafiya, sannan zo, sannan koko. Kafin wata ya zagayo ba abin da ya rage masa sai nuni da yatsa da wani ɗan sauti, "uu". Ko Kaka ya daina cewa.

Goggonsa, yayar mijina, tana aure a Tafo, mijinta ɗan ƙasa ne shi ya sa ba ta tafi ba. Ta zo ta gan shi, ta tafa hannu a bayan kunnensa ya juyo, ta ce to ba kurma ba ne, gidan ne ya yi masa shiru. Ta ce za ta ɗauke shi ya tashi cikin 'ya'yanta, ai dama ɗan fari ba a hannun uwa yake girma ba. Ba mugunta ta sa ta ba, kuma a al'ada da gaskiyarta. Ni ba ni da bakin cewa a'a, don uwar da ta nuna tana son ɗan farinta kusa da ita ta gama zubar da mutuncinta. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsince wake. Inna ce ta ce ba inda angonta zai je tana da rai. Goggo ta ce to, ta ji, tana da rai. Duk mun gane abin da take nufi.

Don a lokacin ciwon ƙirji ya riga ya kama Inna. Matar da take magana daga asuba har isha ta koma in ta ɗan yi zance sai ta tsaya neman numfashi. Ta daina fita, ni na karɓi tukunya. Duk da haka takan zaunar da yaron a gabanta, ta nuna masa ƙadangare, ta tambaye shi, ta jira, tari ya katse ta. Wata rana da hantsi na dawo daga bakin titi ta kira ni ta ce in zauna. Ta ce numfashinta ba zai kai yaron nan inda za shi ba, saura nawa. Na kau da kai kamar ban ji ba. Ta ce in bar nuna mata ban gane ba.

"Inna, ku yi mini rai. Ɗan fari ne fa."

"Kunyar wa kike ji? Dubi gidan nan. Ta ƙadangaru?"

Na ce ba don idon mutane kaɗai ake kunya ba, haka na ga uwata ta yi, kuma ga ni bakina bai rufe ba. Ta ce abin da take so ta ji ke nan, wa ya koya mini magana? Na ce kakata, da innonina, da yaran gidanmu. Ta ce madalla, in tashi in kira su. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga madafa na yi ta buga kwanoni, ita kuma daga ɗaki tana cewa in fasa su duka, ba zai hana ta faɗa ba.

Bayan 'yan kwanaki ina shafa mata man zafi a baya ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce lokacin da aka kawo ta Kumasi ɗaki guda mijinta ya kama a gidan Asante, shi kuma kullum yana ƙauye wurin sayen goro. Nan ta haifi babban yayan mijina. Ba uwarta, ba uwar miji, ba ma wanda ya san kunyar ɗan fari a gidan, amma ta riƙe ta gam, ita kaɗai a ɗaki da jinjiri tana kau da kai. Matar mai gidan ce take ɗaukarsa tana yi masa waƙa. Da bakinsa ya buɗe, da Tuwi ya buɗe, kuma waccan matar ya kira uwa. Har ya yi gemu, in abu ya dame shi can yake zuwa ya zauna, ita kuwa sai gaisuwa. Ranar da za su hau mota ya durƙusa a gabanta, tana jira ya ce wani abu, shi ma yana jira, har direba ya danna ham. Na ga wannan durƙuson da idona, na ɗauka ban kwana ce ta masu kunya.

Ta ce daga kansa ne ta rantse ba za ta ƙara barin yaro ya yi sauti a gabanta ba ta amsa ba, nata ko na wani. Na tausaya mata sosai. Amma tausayi bai buɗe mini baki ba. Washegari yaron ya zo ya kama zanena, na zare, na ba shi ƙosai na wuce.

To sai Inna ta yi abin da ban taɓa zato ba. Ta daina amsa masa. Ya zo bakin ƙofarta da safe ya ce "uu", ta juya fuska bango. Ya hau tabarma ya taɓa kumatunta, ta rufe ido. Ya kawo mata murfin kwalba da ya tsinta, abin da a da sai su yi hira a kai har rana ta take, ta bar shi a hannunsa. Ya tsaya yana dubanta, ya dubi ƙofa, ya sake dubanta, sannan ya fashe da irin kukan da bai yi ba ko ranar lodi. Na shigo a fusace. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan. Na ce wannan zalunci ne, yaron da ba shi da kowa sai ita. Ta buɗe ido, ashe cike suke da hawaye.

"Ba shi da kowa sai ni? Ke kika faɗa. To gara ya saba tun yanzu, don haka gidan zai zama."

Ta riƙe wannan kwana da kwanaki. Na yi fushi na taƙaita gaisuwa, ta ce ta gode, dama ba ta da numfashin amsawa. Na ce zan aika Tafo a gaya wa 'yarta, ta ce in aika, sai a zo a ɗauke shi yau maimakon gobe. Ina gani abin yana cin ta fiye da ciwon, don in yaron ya juya baya sai ta bi shi da ido, leɓenta na motsi.

Ranar da na karye ba wani babban abu ne ya faru ba. Da la'asar ce, ina tace gasara a tsakar gida. Ya zo ya tsuguna a gabana, ya daɗe yana kallon farin ruwan yana zuba a baho. Sai ya miƙa yatsa ya ce "uu", bai ma dube ni ba, don ya riga ya san ba a amsawa ta nan. Wannan rashin duban ne ya soke ni. Na waiga, ba kowa sai kaji. Na ce, "Gasara ce." Ya ɗago kai a firgice, kai ka ce bahon ne ya yi magana. Daga ɗaki na ji tari, sannan aka ce ƙasa-ƙasa, "Jira shi." Na jira, hannuna cikin ƙullu, kunya kamar in nutse. Can ya sake nuna bahon. Na ce e, ta koko ce, gobe za a dama. Daga ɗaki aka ce in tambaye shi wani abu. Na rasa me ake tambayar yaro, na ce ko zai taya ni. Ya tsoma hannu biyu har gwiwa, ya ɓata mini gasarar ran nan.

Da na kai mata tuwo ba ta ce mini komai a kai ba. Ta dai kira shi ta ce Angona ya zo su shirya, yaji ta yi, yanzu ta dawo.

Daga nan ta zama malamata. Tana kwance, ƙofa a buɗe, kunnenta na tsakar gida. In na yi masa magana ina kallon tukunya sai ta ce tukunya ta ji, saura shi. In na jero zance ba tsayawa ta ce wa'azi nake yi, in bar masa wuri. In na matsa masa da "ce koko, ce koko", ta ce ba aku ba ne, in dai riƙa faɗin abin da hannuna yake yi da abin da idonsa yake kallo. Ya nuna kaza, a yi zancen kaza, ko da ni zancen wanka nake so. Na ce mata wannan aiki ya fi dakan gero wuya, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Abin da ba zan manta mata ba, ba ta taɓa tona ni ba. Ba ta ce sai na faɗi sunansa ba, ta ce sunan mijinta ne, ita ma ba ta son jin sa a bakina. In baƙuwa ta yi sallama sai in koma yadda aka san ni, ita kuma ta karɓi yaron da ɗan numfashin da ya rage mata. Ko 'yarta ba ta gaya wa ba. Goggo takan zo dubiya ta tarar da shi gum, don a gaban baƙi ba ya cewa komai, ta girgiza kai ta tafi. A tsakaninmu kuwa kalmomin suna dawowa, a hankali ƙwarai, har wani lokaci in fid da rai. Koko ya dawo, sai kaza, sai ruwa, sai Kaka. Mota ba ta dawo ba, Inna ta ce in ƙyale ta.

Wata safiya ina ɗaura ɗankwali na ji an ce "Mma" a bayana, yadda yaran zango suke kiran iyayensu mata. Ban san inda ya ajiye kalmar ba duk wannan lokaci. Na zagaya bayan ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito. Inna ta ce ta ji, kuma ta lura ban amsa ba. Gaskiya ta faɗa. Zancen kaza da koko na iya, amma in ya ce Mma sai in miƙa masa wani abu ko in tambaye shi me yake so. Na'am ɗin ta ƙi fita, don amsa ta daidai yake da in ce da bakina ni ce uwarsa.

Bayan Babbar Salla jikinta ya rikice, maganarta ta koma kalma ɗaya-ɗaya. A yinin ƙarshe da ta yi cikin hayyacinta hadari ya haɗu, iska na kaɗa kwanon rufi. Ta sa na zaunar da shi kusa da kanta. Ya nuna sama ya ce ruwa, ta ce ashe, ta jira shi yadda ta saba, ya ce ruwa zo. Sannan ta dube ni, na matso na tambaye ta ko tana son wani abu.

"Gida zai cika. Zai kira ki." Ta huta, ta ƙara da cewa, "Kar ki juya bango."

Washegari da hantsi ta cika.

Gida kuwa ya cika, karo na farko tun ranar lodi. Ranar sadakar uku mata suka zauna a tabarmi har bakin madafa, ana rabon masar sadaka. Goggo ta riga ta ɗaure 'yan kayan yaron a ɗankwali ta ajiye kusa da ita. Ta gaya wa matan cewa yau za ta wuce da shi, ga shi an daɗe da yaye shi ba baki, uwarsa kuma yarinya ce mai kunya, ba za a ɗora mata ba. Kowa ya ce haka ya kamata, har aka yaba mini. Ina gefe a lulluɓe, kaina a ƙasa.

Yaron ya ratso ta cikin mata ya je ƙofar Inna. Ya tura ya leƙa, yadda ya yi wa sauran ɗakunan bara. An naɗe tabarmarta. Ya ce "Kaka", ya jira, don ta koya masa jira. Ya sake kira, ya sake jira. Sannan ya juyo yana duba fuskoki har ya same ni, ya ce, "Mma."

Na san idanun da ke kaina. Akwai dangin mijina, akwai ƙawayen uwata waɗanda suka san irin tarbiyyar da ta yi mini. Wuyana ya fara juyawa da kansa, don ya saba. Sai na gan shi tsaye cak yana jira, na kuma san in wannan jiran ya wuce ba amsa, ba sauran ƙofar da zai tura a gidan nan. Na yaye lulluɓi.

"Na'am. Zo nan, ina jin ka."

Wata ta yi salati, wata tsohuwa ta ja tsaki. Shi kuwa ya tattaka tabarmin mutane ya zo ya tsaya tsakanin gwiwoyina, ya nuna ƙofar ya ce, "Kaka ina?" Na ce Kaka ta tafi, ba za ta dawo ba. Na jira shi. Ya daɗe yana tunani, sannan ya ce, "Mota?" Tun ranar lodi ban ji kalmar nan a bakinsa ba. Na ce a'a, ba irin tafiyar Baba ba ce, wurin Allah ta tafi, ni kuma ina nan ba inda za ni. Ya kama zanena ya ce, "Mma nan." Na ce e, Mma tana nan.

Goggo ta daɗe tana kallonmu. Ta tambaye ni tun yaushe, na ce aikin Inna ne, da ragowar numfashinta ta yi shi. Ta dubi ƙofar ɗakin, ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta kwance ɗankwalin, ta miƙo mini kayan ta ce in mayar ɗaki kafin ruwa ya sauko.

Mijina bai dawo ba tukuna, ban kuma san me zai ce ba in ya tarar da matarsa tana hira da ɗanta na fari. Zan gaya masa wasiyyar uwarsa ce, kuma ba zan fasa ba. Masu cewa ta bar ni ba kunya su ci gaba da faɗa, yaron yana ɗakina, yanzu har sai na roƙe shi ya yi shiru in yi salla.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta a Tafo kusa da mijinta. Ya ba ta ikon amsa tambayar kabari da bakin nan nata da bai taɓa gajiya ba. Yadda ba ta bar ɗan kowa ya kira a banza ba, ya Allah, in ta kira ka, ka amsa mata.